Baba Fensir, Mai Motocin Tsattsewa

Ƙarfe bakwai da kwata Baba Fensir kan shigo ɗakin zane na masana'antar motocin wasan yara. Ya rataye rigarsa a ƙusa, ya goge teburinsa da tsumma, ya fiƙe fensir uku da reza, sannan ya juya ya ce wa maƙwabcin teburinsa, "Injiniya, an tashi lafiya?" Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan gaisuwa, shi kuwa Injiniya yana amsawa a daƙile, don ya daɗe yana ƙyashin dattijon nan.

Injiniya ya yi karatun zane mai zurfi, takardar shaidarsa ma tana rataye a bango. Baba kuwa a garejin gyaran jikin mota ya taso, guduma ya fara riƙewa kafin fensir.

Abin ya samo asali ne ranar da lauyoyin wani kamfanin mota suka aiko da takarda cewa a daina kwaikwayon motocinsu ko a haɗu a kotu. Injinan masana'anta suka tsaya cak. Ma'aikata sittin suka yi cirko-cirko a tsakar gida, kowa na tunanin bakin iyalinsa. Manaja ya kira mutanen biyu ya ce, "Mako biyu na ba ku. Kowa ya kawo mini motar da ba ta kowa ba. In ba a samu ba, sai mu sa kwaɗo mu watse."

Injiniya ya kawo motar tsere mai tsinin hanci, sumul kamar kifi. Baba ya shigo da takardu bakwai a hammata, ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ga kamfanin Tsattsewa. Ba a taɓa yin sa ba, amma ga motocin da ya ƙera a zamanin kakanninmu."

Ta farko tana da fitilu ƙwala-ƙwala kamar idon mujiya, da tayar safaya manne a gefe. Akwai ta likita mai akwati a baya, akwai doguwar motar iyali mai katako a jiki, akwai a-kori-kura mai faɗin ƙirji. Ta biyar ƙofarta ta baya take buɗewa. Manaja ya tambayi dalili.

"A shekarar ne kamfanin ya yi kuskure," in ji Baba. "Kamfanin da bai taɓa kuskure ba ai ba wanda zai yarda da shi."

Manaja ya yi dariya har da buga tebur, ya ce a kunna injina. Motar tseren Injiniya ko waiwayarta ba a yi ba.

Kai ne, Baba, ka mayar da mutum sittin bakin aikinsu da fensir uku. Amma a jikin kwalin ba a taɓa rubuta kai ka zana ba, kai kuma ba ka taɓa tambaya ba.

Wannan rashin tambayar ne ya fi ƙona wa Injiniya rai. Da Baba mai fariya ne da ya samu abin kamawa. Ga shi kuma duk inda ya juya Tsattsewa ce. Wani tsoho ya zo bakin ƙofar masana'anta yana rantsuwa cewa mahaifinsa ya taɓa tuƙa irinta, Baba ya ba shi kujera ya saurare shi har ya gama. Ko a gida Injiniya bai tsira ba. 'Yarsa ta ture motar tseren da ya sassaƙa mata da hannunsa, ta ce, "Abba, ni mai idon mujiya nake so." Ranar ko abinci bai iya ci ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, hassada ga mai rabo taki ce fa." Ya ce mata wa ya tambaye ta.

Sai aka yi wani baje kolin kayan wasa, a daidai lokacin da matar Baba ke kwance a asibiti. Injiniya aka tura. Wata 'yar jarida ta ɗaga motar likita ta tambaya wane ne ya zana. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Ni ne." Aka buga da hotonsa.

Da Baba ya dawo aiki, jaridar na hannunsa. Ya ajiye ta a gaban Injiniya ya ce, "Hoton ya yi kyau. Sai dai ka yi kuskure da ka ce musu ƙofa huɗu ne da ita. Biyu ne." Ya koma teburinsa.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Masu saye suka ce suna son mota ta takwas daga hannun wanda suka gani a jarida, manaja kuwa, da ya san komai, ya ɗora wa Injiniya aikin da gangan. Mako uku yana zana yana yagewa. Duk abin da ya fito masa sai ya zama kamar sabuwar mota da aka sa wa tsofaffin kaya. Kwandon shara ya cika, girman kai ya hana shi buɗe baki.

Baba ne ya jawo kujera da kansa. "Wace mota ka fara shiga a duniya?"

Injiniya ya ce, "Motar burodin babanmu. Gilashinta a tsage, sai an tura take tashi."

"To me kake jira? Ita za ka zana. Ka bar tsagewar."

Bai taɓa masa takarda ba, sai sau ɗaya da ya ce ya sauke rufin kaɗan. Motar burodi ta fita, ta kuma karɓu. Da manaja ya tambayi Baba ko da hannunsa a ciki, sai ya ce, "Ina ni ina sanin motar babansa?"

Kada mai karatu ya ɗauka ƙyashin ya warke daga nan. Sauya wuri kawai ya yi. A da hannun Baba yake ƙyashi, yanzu ya koma ƙyashin zuciyarsa, wadda ba a koyar da irinta a makaranta.

A watan jiya hannun Baba ya soma rawa, layi ya daina miƙewa, ya ce lokaci ya yi. Aka taru a tsakar masana'anta don sallama. Manaja ya yi jawabi, aka tafa. Sai Injiniya, wanda shi ma yanzu furfura ta game masa kai, ya miƙe ba a kira shi ba.

"Jama'a, motoci bakwai na farko ba ni na zana ba. Kun sani, na san kun sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Ga mai su nan." Ya juya ga Baba. "Baba, ka yafe mini. Kuma wallahi har yanzu ina ƙyashinka."

Baba ya kama hannunsa da nasa mai rawa ya ce, "To kada ka daina. Shi ya zaunar da kai kusa da ni har ka iya."

Mun gode, Baba Fensir, gwanin da ba ya neman tafi. Kai ne ka ƙera wa yara motocin da ba su taɓa hawa titi ba, ka kuma ƙera gwanin zane daga cikin mai ƙyashinka. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa iyali lafiya. Mu kuma da muka rage, in Allah ya ba mu gwaninta mu riƙe ta yadda ka riƙe. In kuwa wani na gefenmu Allah ya ba, mu faɗa masa da bakinmu tun kunnensa yana ji, kada mu jira sai ranar sallama.