Ajin da Ya Tsaya Jiran Surukina

Shekarar da aka ce mu mayar da ajin manya cikin waya, ni aka ɗora wa manoman tumatir na Ikara da Makarfi da Kudan. Wata ƙungiya ce ta kawo shirin. Aka tara mu a Zariya, wani matashi mai ɗan gemu ya yini yana koya mana yadda ake riƙe hankalin babban mutum. Ya ce sirrin biyu ne: ɗalibi ya ga fuskar malami tana murmushi, sannan a sa gasa. Don haka manhajar tana da tsani. Wanda ya gama darasi ya danna amsa daidai, a ba shi tauraro, hotonsa ya hau sama, wanda ya fi kowa kuma a ɗora masa kambin zinariya a ka. Muka tafa masa, aka raba mana lemo.

Darussana a kan shanya tumatir ne ya zama kauɗa mai tsabta. Duk ɗan yankinmu ya san lokacin da tumatir ke cika kasuwa, kwando ya koma ba a bakin komai ba, a juye shi a gefen titi har awaki su ƙi kallo. Darasi na bakwai shi ne zuciyar abin, yadda ake haɗa gadon shanya. Dole mu kai can kafin tumatir ya nuna, ga shi manhajar ba ta buɗe darasi sai an gama wanda ya gabace shi.

Cikin ɗalibaina akwai mahaifin mijina, wanda kowa a Kurmin Kogi ke kira Baba, kuma shi ne mafi tsufa a ajin. Tun da na auri ɗansa, gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. In durƙusa a ƙofar zaure kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. In yana da saƙo, sai ya ce a gaya wa uwar yara, wato ni. Akwai kuma ƙanen mijina, abokin wasana, mai rawar kai da saurin yatsa.

Darasi na ɗaya da na biyu hotunan tumatir ne da muryata, don ban gama koyon ɗaukar bidiyo ba. Daga na uku na fito da fuskata, haƙora waje, kamar yadda aka koya mana. Aji ya ɗauki wuta. Kafin ka ce me, ƙanen mijina ya haye saman tsani da kambi a ka, Baba kuwa yana can ƙasa, a darasi na uku.

Ranar kasuwar Makarfi maganar ta fashe. Aka ce an naɗa wa ɗa rawani uba na raye, kuma an ajiye uban a ƙarƙashin ƙafarsa. Washegari sai ga ƙanen mijina a ofis, ko kashe mashin bai yi ba. Na miƙe na ce ranka ya daɗe, yaushe za a zo gaisuwa? Bai yi dariya ba. Ya ce in cire masa rawanin nan kafin ya rasa bakin shiga gida. Na duba ko'ina, babu wurin cirewa. Hanya ɗaya ce mutum ke sauka: ya koma bita ya faɗi.

To, nan fa aka buɗe sabuwar gasa, ta faɗuwa. Mutumin da ya fara noman tumatir tun ba a haife ni ba ya danna cewa a cikin ruwan sama ake shanya kauɗa. Wani ya kira yana tambayar inda ake mayar da taurarin da aka ba shi. Da na sama suka zube, kambin ya faɗa kan wani Kirista ɗan kudancin Kaduna, mai gyaran injin ban ruwa a Hunkuyi. Ya kira ni ya ce shi baƙo ne, mutanen nan sun riƙe shi da mutunci, bai ga abin da ya yi musu da za a naɗa shi a kansu ba. Shi ma ya faɗi da gangan. Haka kambin ya riƙa yawo kamar tukunya mai zafi, kowa na sakin ta. Dattawa biyu daga Furana har zama suka yi a gaban shaidu, aka tantance wanda ya riga wani zuwa duniya, don kowa ya san amsa nawa zai ɓata.

A ƙarshe ajin ya jeru a bayan Baba, babba gaba, ƙarami baya, ba mai motsi. Matashin Zariya ya kira cike da murna, wai babu ajin da ake danne-danne kamar nawa, in faɗa masa sirrin. Da ya duba da kyau sai ya sake kira, ya ce in ba a wuce darasi na uku ba kafin wata ya ƙare, za a rufe.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tumatir ya fara ja a fadama, ni ina zaune da aji guda na mutanen da suka ƙware a faɗuwa. Na ce wa mijina ya tambayi Baba abin da ya tsayar da shi. Ya dube ni kamar na ce ya cire masa hula a kasuwa. Uwar mijina kuwa ta ce ita dai kullum bayan la'asar tana jin muryata a zaure.

Ran Juma'a na hau mota zuwa Kurmin Kogi. Tun daga ƙofar gida na jiyo kaina ina bayani. Na leƙa ta gefen asabari. Baba na zaune a kan buzu, wayar tana gabansa a kife, shi kuma ya ɗan juya mata kafaɗa. Muryata ta yi tambaya, ya amsa da ƙarfi, daidai, har da ƙarin da ni ban sani ba. Muryar ta ce a danna koren madanni. Ya miƙa hannu ya ɗaga wayar kaɗan, ga fuskar matar ɗansa tana washe masa baki, madannin kuma dab da haɓarta. Ya mayar da ita a hankali ya kife. Ya jira darasin ya sake farawa, ya sake amsawa.

Fushina ya tafi, kunya ta rufe ni, sai tausayi ya biyo baya. Na koma da baya ban ko gaishe shi ba.

A gida na ɗaura labulen ɗakina mai furanni tsakanin ƙofa da taga, na sa waya a gabansa, na shiga bayansa na sake ɗaukar darussan duka. Abin da ɗalibi ke gani labule ne yana ɗan motsi, can sai hannu ya fito riƙe da tumatir, ya koma. Matashin Zariya ya ce wannan ya saɓa wa duk abin da ya koya mana. Na ce masa ya je ya yi wa nasa surukin murmushi in gani.

Baba ya haye tsanin ba tuntuɓe ko ɗaya. Kambi ya sauka a kansa, gari ya yi ajiyar zuciya. Tumatirin farko dai ya riga ya tafi gefen titi, wannan ba mu cece shi ba. Amma har lokacin ba wanda ya motsa, ana jiran izini.

Ina ofis ni kaɗai saƙon muryar Baba ya shigo zauren ajin na waya. Bayan doguwar gaisuwa ga kowa, sai ya ce, "Malama, na gama. Allah Ya yi miki albarka. Saura kowa ya wuce."

Bai ce a gaya wa uwar yara ba. Sai da saƙon ya ƙare na lura a durƙushe nake a kan siminti, waya a hannu biyu, hotonsa da kambi yana kallona. Na kifa ta a ƙasa, sannan na sake saurara.