Katin Waƙoƙin Adda Zulaihatu

Adda Zulaihatu mai awara ta gudo daga Mubi a shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, ba ta ɗauko komai ba sai waya. A katin wayar akwai waƙoƙin tsofaffin finafinai da take saurare tare da mijinta kafin ya rasu. Da su take suya a unguwar Adarawo, inda ta samu mafaka, tana bin amshi.

Wata rana wayar ta ƙi yin sauti, ta kai wa Jalo mai gyara a Jimeta. Ya gyara, ya kuma share katin ya cika shi da sababbi.

"Adda, waɗancan sun tsufa ai," in ji shi yana murmushi. "Kyauta na sa miki."

"Wa ya aike ka? Ni ma na tsufa, sai ka share ni?"

Ta zauna a bencinsa ta ƙi tashi, tana rera masa su ɗaya bayan ɗaya a gaban mutane, shi kuma yana nema. Ya samo yawancinsu. Wadda mijinta ya fi so ba ta samu ba. Har yau ba ta amsa gaisuwar Jalo.