Matan da Suka Yi Kiwon Rina

A gidanmu na Kudan tatsuniya ba kyauta ba ce, sai ka ɓare gyaɗa. Bayan sallar isha'i, Iya, mahaifiyar babanmu, takan ajiye ƙwarya a gaban murhu, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: idan hannu ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Ni takan fi sa wa ido.

"Kai maigida, ɓarewa na ce, ba ci ba. Mijin da ke cinye iri, da me zai ciyar da ni?"

Idan dariya ta lafa sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata ta sauka, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Dije gwanar daɓe. Yaran yanzu siminti suka sani. A da, idan za a gyara ƙasan ɗaki, mata ke taruwa, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwa, su durƙusa a jere da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Babu mai biyan kowa. Yau ɗakinki, gobe nawa.

Iya ta ce a wani gari Dije ce shugabar wannan aiki, kuma ta cancanta, don daɓenta har ƙuda ke zamewa a kai. Sai dai tana da hali. Idan mata suka gama suka watse, sai ta koma ta sake jiƙa ƙasar, ta bi wurin kowa ta daɓe sabo. Ba ta zagi, ba ta faɗa. Washegari mace ta leƙo ta nemi inda ta durƙusa jiya, ta rasa. Daga nan sai uzuri ya yi yawa. Wannan ta ce goyonta ba lafiya, waccan ta ce tana da baƙi. Dije ta ce matan zamani sun lalace da ƙiwa.

Ranar da za a daɓe masussukar gari, ita kaɗai ta fito. Kafin ta kai tsakiya, wurin da ta baro a baya ya bushe ya tsattsage. Ta ɗaga hannu ta share gumi, sai rina ta harbe ta. Hannu ya kumbura ya yi kamar tulu. Mata suka zo dubiya, suka ga aikin, suka yi dariyar da suka daɗe suna riƙewa, sannan suka ɗauki madaɓai. Dije tana zaune, ba abin da take iyawa sai ba da waƙa. Daɓen ya fito da tudu da kwari, amma kowace ta san tudunta, kuma duk inda ya fashe mai wurin ce ke zuwa ta gyara ba a kira ta ba.

Na ce, "Iya, sai ta daina halin?"

"Ina! Hali zanen dutse. Hannu na warkewa ta ɗauki tulunta. Matan ne dai suka yi wayo, suka samo gidan rina suka rataye mata a bakin ƙofa, suna ba su ruwan rake. Na ɗaure ta a wutsiyar ɓera, ta tafi. Ku ciro dankalinku."

Mun yi dariya har ƙanwata ta ƙware. A lokacin rinar kawai na gani a labarin.

Bayan na yi shekaru ina aikin rediyo, na shiga wata ƙungiyar sa kai da ke gina manhajar waya, wadda ke karanta wa manoma hasashen ruwan sama da labarin kasuwa da Hausa. Manhajar ta kowa ce: rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk mai iyawa zai duba, ya gyara, ya ƙara. Nawa aikin naɗar murya ne. Wanda ya kafa ta, Bashir, ɗan Ikara ne, gwani na gaske, mai kirki. Duk wanda ya turo gyara, zai yi masa godiya har da addu'a, sannan ya goge ya sake rubutawa yadda ya fi kyau. Kuma yakan fi kyau ɗin, nan ne matsalar.

Mutane suka riƙa zamewa. Zauren hirarmu na waya ya koma wurin gaisuwar Juma'a. Bashir ya ce mini, "Malam, matasan yanzu ba sa son aikin Allah da Annabi."

Ana gab da damina, manhajar ta daina magana a kan sababbin wayoyi. Manoman Saulawa da Furana suka fara kira, don da ita suke auna ranar shuka. A makon ne kuma matar Bashir ta haifi tagwaye. Mutumin da ba ya rabuwa da kwamfuta ya koma jijjiga, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a cinya.

Muka je barka tare da Rifkatu, malamar lissafi a Makarfi, wadda ta daɗe da janye hannu. Ta dube shi ta ce, "Shugaba, ka ba mu mabuɗin aikin, ko sai yaran nan sun yi aure?"

Ya ce, "Malama, sai dai idan kun gama in ɗan duba."

"Ka duba da ido. Hannun ka bar wa Hassan da Husaini."

Ya bayar. Rifkatu ta kira tsofaffin 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, ta ba kowa yankinsa da sunansa a kai. Kafin ruwa ya zauna, manhajar ta dawo da magana. Bashir ya ce gyaran ya yi tsawo, shi da layi kaɗan zai gama. Gaskiya ya faɗa. Amma da wani sashe ya sake lalacewa, wani malamin asibiti a cikinmu, wanda ya rubuta sashen, shi ya gyara tun kafin a sanar da Bashir.

Sai yanzu na gane abin da Iya ke nufi. Wanda ya zo aiki ba don lada a hannu ba, abin da yake nema shi ne gobe ya leƙo ya ga wurinsa. Idan shugaba ya shafe wannan, ko da alheri ya shafe, ya sallami mutane bai sani ba. Na kuma gane cewa ba wa'azi ke gyara gwani ba. Jama'a ce ke yi masa shinge. Mun kafa doka: ba mai goge aikin wani sai sun yi magana, har da shugaba. Bashir ya amince, kodayake har yau idan ya ga gyaran wani yatsunsa kan yi motsi.

Kwanan baya ya rubuto a zaure cewa yaran sun fara barci, ya samu sarari, zai dawo aiki gadan-gadan. Sai Rifkatu ta amsa: "Madalla, Shugaba. Allah ya ƙaro wasu biyun."

Duk ƙungiya ta ce amin.