Bututun da Baba Ya Binne

Mahaifina ma'aikacin ruwa ne, yana cikin waɗanda suka binne bututun garinmu, nan kan hanyar Malumfashi, tun ina goye. Babu kwanar da bai san abin da ke ƙarƙashinta ba. Yana cikin tafiya sai ya buga ƙafa ya ce, "Nan mai inci shida ya ratsa, makullinsa na gindin wancan durumin." Taswirar ofis kuwa, tuni gara ta yi kalaci da ita.

Sau nawa ya ce mini, "Zo mu zaga in nuna maka, kai mai boko ka rubuta." Ni kuwa lokacin na gama kwaleji, ina ji da kaina, wando ya sha guga. In bi tsoho bakin kwata ina auna ƙasa, 'yan mata na kallo? Allah ya sauwaƙe! Kullum sai in ce gobe, shi kuma ya ce Allah ya kai mu.

Bututan suka tsufa, tsatsa ta ci su, famfuna suka ƙafe unguwa-unguwa. Duk kakar zaɓe sai a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, a sha kiɗa, kafin damina rijiyar ta mutu. Tsohon layi dai ba mai waiwayarsa, tunda abin da ke binne ba ya fitowa a hoto.

Bara, bayan an kai masara gida, sai ga injiniyoyi uku a ƙofar gidanmu. Wai an amince a gyara tsohon layin, amma duk wanda suka tambaya inda layin ya bi sai ya ce sai Baba. Wayyo Allah, wata bakwai ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure masa harshe.

Da ya ji abin da ya kawo su, ya yi ta yunƙuri har sai da muka ɗauke shi muka sa a mota. A bakin kasuwar hatsi ya daki kujera, direba ya tsaya. Ya ɗaga hannun da ke motsi, ya nuna inda yanzu shaguna ne reras. Bakinsa na motsi, amma sai gurnani da yawu.

Babbansu ya juyo gare ni. "Malam, kai ne ɗansa. Me yake cewa?"

Baba ma ya juyo yana kallona, yana jiran in fassara shi. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har yau abin na cin raina.

Na ce, "Ban sani ba."

Ya sauke hannun a kan cinyarsa. Muka zaga sauran unguwannin duka, bai sake ɗaga shi ba.