Fitilar da Kawu Dogo Bai So Ta Mutu Ba

Kawu Dogo, ƙanen mahaifiyata, tun kafin a haife ni yake tuƙa babbar mota. Tasa ta ƙarshe "Tsohuwa" yake ce mata, kullum da safe sai ya goge mata madubi da hannun rigarsa. Ba abin da ya tsana kamar direban da fitilar gargaɗi za ta kama masa, ya liƙe ta da baƙin salatif ya kama hanya.

Da idonsa ya fara rauni, iyali suka sa shi gaba har ya yarda zai sauka ya miƙa wa babban ɗansa makulli. Amma ya ce ba zai ba yaro mota tana tari ba, sai an sa mata sabon salansa, wato bututun hayaƙi. Yaron nan fa yana da 'ya'ya huɗu.

Mai walda ya gama aikinsa, aka tayar da mota, sai ga fitilar injin ta kama. Kawu ya shiga ƙarƙashi ya duba, ya fito yana kaɗa kai.

"Babbar matsala ce. Makulli sai ya jira."

Daga nan ya shiga hidima. Yau ya canja mai, gobe ya wanke matatar iska, kuma kowace rana sai ya fita "gwaji" ya dawo da yamma yana fito. Ni dai ban taɓa ganin wanda motarsa ta lalace yana ƙiba ba sai shi.

Da abin ya ishi Yaya, ɗan nasa, sai ya ɗauko mai gyaran wayoyin wutar mota. Mutumin ya kwanta a ƙarƙashi, ko zufa bai yi ba ya ƙyalƙyale da dariya. Ashe mai walda ne ya zare filogin 'yar na'urar da ke jikin salansa don kada wuta ta taɓa shi, ya ɗaure shi gefe da tsumma, ya manta. Mai gyaran ya mayar da filogin, ya cire kan batir ya sake ɗaurawa. Fitila ta mutu.

"Baba, wannan jan tsumman ko daga bakin ƙofa ana hango shi," in ji Yaya.

"To ba ku kuka ce idona ya mutu ba?"

Muka yi ta dariya, amma da na ga yadda yake juya makullin a hannunsa sai tausayinsa ya kama ni. Ya miƙa, Yaya ya kama, shi kuma bai saki ba.

"Tun ranar farko na gan shi," ya faɗa a hankali. "Ban san me zan yi da safiya ba ne."

Yaya ya zagaya ya buɗe masa ƙofar kujerar da ke kusa da ta direba. Har yanzu nan yake zama, yana goge madubi, yana faɗan cewa yaro bai iya sa giya ba.