Telan da Ya Riƙa Rage wa Matarsa Riga

Shekara arba'in da uku maƙwabcina ya yi yana ɗinki, ban taɓa ganin ya gwada mutum da igiyar awo ba. Kallo ɗaya yake yi, ya ɗauki almakashi. Ni kaina ya taɓa ce mini, "Malam, na ƙara maka yatsa biyu a ƙugu," tun kafin in ji wandona ya fara matse ni.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, magana ta ɗauke, hannun dama kaɗai ya tsira. 'Yarsu ta zo da mota domin ta tafi da su gidanta, ya rungume kan kekensa na ɗinki, ya ƙi motsi. Matarsa ta ce a ƙyale shi, ita ta ishe shi. Tana da shekara saba'in, amma ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi a kan gado.

Wata rana da hantsi na shiga gaishe shi, na tarar ya danne rigarta da gwiwa, ya farke gefenta, yana rage ta da allura.

"Dubi aikin tsufa," in ji ta tana dariya. "Maigida, wa zai shiga wannan? Tsinke?"

Bayan mako uku na gan ta sanye da rigar, ta zauna mata daidai. A lokacin ya riga ya rage wata, fiye da ta farko. Ita ma mako uku ta yi a rataye, sannan jikin matar ya rame ya yi daidai da ita. Dariya ta ƙare. Ta shiga ɓoye tufafinta ƙarƙashin katifa, amma duk sanda ta dawo daga kasuwa sai ta tarar da guda a cinyarsa.

Riga ta huɗu ce ta sa na kira 'yarsu a waya, domin faɗinta bai wuce na rigar 'yar shekara goma ba. Da ta iso, tsohon ya ɗaga rigar a gabanta, idonsa a kan uwar.

"Mama, yaushe rabonki da ganin likita?"

"In na tafi, wa zai juya shi?"

Tsohon ya soke allurar a hannun kujera, ya jawo murfin keken ya rufe, sannan ya nuna ƙofa da haɓa. Ni da 'yar muka ɗauke shi zuwa mota, ta tafi da shi gidanta. A ranar aka ba matar gado a asibiti.

Yau mako biyu ke nan, tana can ana yi mata gwaje-gwaje. Jiya 'yar ta shaida mini cewa ya yi mata alamar yana son allura da zare. Ta ce masa sun ɓace a hanya.