Harafin da ya kusa raba Malama da aikinta

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a harkar kwamfuta, na haɗa wa wani Alhaji dilan kayan masarufi a Kasuwar Singa manhajar da ke tura wa kwastomominsa saƙo idan kaya sun sauka. A kilawud aikin yake gudana, wato kwamfutar haya a wata ƙasa. Ta tashi, ta yi aikin, ta mutu. Log ɗinta kuwa, rubutun da take yi layi-layi na duk abin da ta aikata, da shi take tafiya.

Sai ƙorafi ya fara. Wasu kwastomomin ba sa samun saƙo, kafin su zo kaya sun ƙare. Alhaji ya ɗora laifin a kan matar da ke shigar da sunaye, tsohuwar malamar firamare daga wajen Zariya. Ya ce ranar Juma'a ta ajiye aiki. Ni kuwa ban kare ta ba, wai ni gwani, manhajata ba ta kuskure.

Na kai kukana wurin abokina a Sabon Gari. Ya ce, "Ka tambayi na'urar?"

Na ce, "Ta mutu, wa zan tambaya?"

"To ka sa ta riƙa aiko maka kafin ta mutu mana!"

Ya buɗe saitin, ya sa inda za a tura log ɗin da irin layukan da muke so. Shi ke nan fa.

Washegari ina shan koko a ƙofar gidanmu a Fagge, layuka suka fara zubowa a wayata. Na'urar da ban san ko a wace ƙasa take ba, tana ba ni labarin kanta tun tana raye. Can sai ga jan layi: ta tsallake wani suna. Ga wani. Ga wani. Kowanne da ƙ, ɗ ko ɓ a ciki. Manhajata ce ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba.

Na faɗa wa Alhaji a gabanta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ba ta haƙuri. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, sunan mutum ne fa. Ta yaya zan rubuta shi ba daidai ba?"

Har yau abin yana ba ni mamaki. Mu duka a shagon nan ita kaɗai ke rubuta Hausa daidai, kuma saura kwana biyu mu kore ta a kan haka.